Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Akurkin Bayan Ɗaki

A makon jiya na tsaya a inda na fita takaba, ga marayu huɗu, ga kuɗin adashe jaka arba'in ƙulle a bakin zane. Kowa da shawararsa. Wata ta ce in soya ƙosai, wata ta ce in turke rago zuwa Layya. Ni kuwa hankalina yana kan kaji masu ƙwai, don na ga yadda masu shayi a Zango ke neman ƙwai safe da dare ba ya isar su.

Bayan ɗakina a Garin Malam akwai wani lungu tsakanin katanga da wani ƙaton dutse, irin waɗanda Allah ya zuba mana a Damagaram. Ɗana babba da abokansa suka buga tubali, ni kuma ran Alhamis na sayo tsohon kwano a Kasuwar Dole. Tsoron muzuru da ɓarawo ya sa muka toshe ɗakin ruf, ƙofa ɗaya, taga kamar tafin hannu. Na zuba 'yan kaji 20 masu wata uku, lokacin sanyi bai gama tafiya ba.

Sai Afrilu ya kama. Wanda ya san bazarar Damagaram ya san zafi yakan haura digiri 40, dutsen nan kuma yini yake yana shan rana, da dare ya amayo ta. Wata azahar na leƙa, na tarar da su baki buɗe, fukafukai a sake, suna haki. Shida sun riga sun miƙe ƙafa. Nan na zauna a ƙasa na yi kuka, kukan da rabona da shi tun ranar da aka fita da maigidana.

Washegari Kawu ya zo daga Mirya. Tsohon ma'aikacin kula da dabbobi ne. Ya sa kai cikin akurkin, ya fito yana share goshi.

"'Yar nan, ai tanda kika gina musu. Kaza ba ta gumi, da baki take fitar da zafi. In babu iska, da me za ta rayu?"

"Kawu, tsoron muzuru na ji."

"Muzuru ɗaya zai ɗauka. Zafi kuwa kwasa yake yi."

Na sayar da kwallayen aurena muka sake gini, nesa da dutsen. Shi ya ja layi da sandarsa, tsawon ɗakin daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta riƙa shiga ta gefe. Bango iya gwiwa kawai, daga nan zuwa sama ragar waya. Aka ɗaga rufi har namiji ya tsaya a miƙe, bakin kwanon ya zarce bango saboda feshin damina, aka shimfiɗa karan dawa da zana a kansa. Ƙasa muka daɓe da siminti don gafiya, muka baza ɓawon gyaɗa mai kauri. Abin da ya fi burge ni shi ne wurin ƙwai: fasassun tuluna uku ya kwantar a kusurwa mai duhu, ya ce kowane ya ishi kaji huɗu ko biyar. Ya gitta sanda ta kwana, ya ajiye kaskon toka da rairayi don su yi birgima ƙwarƙwata ta kama gabanta.

Ruwa ne ya fi ba ni wahala, kun dai san garinmu da ruwa. Wurin 'yan garuwa nake saye, in zuba a randa ya yi sanyi, in canja musu sau uku a rana. Abinci kuwa dusa, ɓarzajjen masara, tunkuza da garin ƙashi ƙonanne, don ɓawon ƙwai ya yi ƙwari. Kawu ya kafa mini sharaɗi: allurar rigakafin Newcastle, ciwon nan da ke share kajin unguwa da hunturu, kada in kuskura in tsallake ta.

Sauran 14 ɗin suka murmure, tukkayensu suka yi ja. Da suka cika wata biyar, wata safiya autata ta rugo da gudu, hannu biyu a dunƙule.

"Inna! Inna! Da ɗuminsa!"

Ɗan ƙarami ne, da ɗigon jini a jikinsa. Ban sayar ba. Na dafa shi na raba musu huɗu.

A wannan makon ne kuma ƙanen maigidana ya yi sallama, ya tsaya yana kallon akurkin, ya ce lungun nan yana cikin gado. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.