Giram 3 ɗin da suka cinye min inji

Fistin ɗin yana nan a kan tebur a gareji, da rami a tsakiyarsa wanda babban yatsana ke shiga. Duk lokacin da na ɗaga kai na gan shi sai raina ya sosu.

Golf 3 ce mai bawul 8, ta ɗan kawuna a nan Ringim. Kukansa guda: in ya taka totur allurar juyin inji ta wuce 5,000, sai motar ta riƙa shaƙewa, ƙarfi ya tafi. Na gane matsalar, a nan ban yi kuskure ba. Bawul ne ba ya bin kam, wato tudun da ke jikin sandar kamshaf mai danna bawul ya buɗe. Kamshaf rabin juyin kiranshaf yake yi, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, don haka a juyi 6,000 a minti kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa guda, kuma sifirin ne kaɗai ke dawo da shi. In ka ninka juyi biyu, ƙarfin da sifirin zai yi fama da shi sau huɗu yake ninkuwa. Dole ko dai sifirin ya ƙara ƙarfi, ko abin da yake ɗauka ya rage nauyi.

Ni kuwa rage nauyin ne ya shiga kaina. Na sha gani a waya yadda masu motocin tsere ke sa hular sifirin, wato faifan da ke danne kan sifirin a jikin bawul, ta taitaniyam, wanda ya fi ƙarfe rashin nauyi da kusan kashi 40 cikin 100. To ina zan samo taitaniyam a Ringim? Sai na ce ai feraya ma rage nauyi ce. Na kwashi hulunan nan 8 na kai wa mai ferayar ƙarfe, na tsaya a kansa ina cewa ƙara ci, ƙara ci. Shi ma ya ɗago ya dube ni sau biyu, na ce ya ci gaba. Na ari ƙaramin sikeli na auna, kowace ta sauke giram 3. Wallahi a ranar jin kaina nake kamar injiniyan Jamus.

Abin da ban lura ba, naman da na cire daga ƙasan hular ne, daidai kewayen ramin da kota biyu, 'yan ƙananan ƙarafan makulli, ke zama su riƙe wuyan bawul. Duk jan da sifirin ke yi a wurin yake tarewa. Da gefe na taɓa, ƙila da na sha. Wurin da bai kamata a kusanta ba shi na fi ci, don nan ne ya fi kauri a ido.

Kwana huɗu motar na lafiya. Ran na biyar muka hau titin Taura gwaji, ina giya ta uku, allura na hawa, sai ji na yi kamar an watsa tsakuwa a cikin kwano, inji ya mutu. Hula ta tsage, kota ta zurma, bawul ya faɗa cikin silinda, fistin ya tare shi. Bawul ya lanƙwashe, fistin ya huje, tof silinda ta farfashe. Da igiya aka ja mu zuwa gida, yara na bin mu.

Maigidana da ya koya min aiki ya zo da yamma. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ɗauki sifirin guda ya jera shi da sabo a kan tebur, tsohon ya gaza tsawo ƙiri-ƙiri.

"Kai yaro, ka auna wannan kafin ka tafi wajen feraya?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To sifirin ne ya gaji."

Sifirin! Abin da zan saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano in dawo kafin la'asar. Garin neman gira na rasa ido. Ƙofar Ruwan dai na je daga baya, amma tof silinda da fistin da gasket na ɗauko, da kuɗin buhunan riɗin da na ajiye.

Ban ce rage nauyi ƙarya ba ne. Yana aiki, har yana ba ka damar sa sifirin mai sauƙi, kam ya huta da gurzuwa. Amma a sayi abin da aka ƙera da rashin nauyinsa, kamar bawul mai siririyar ƙafa, milimita 7 maimakon 8, a canza masa hanyar da yake bi. Taitaniyam ɗin ma sifirin na cin sa a hankali, sai ana buɗewa ana dubawa, ba na motar zuwa cin kasuwar Gujungu ba ne. Bawul ɗin salansa kuwa kada a rage masa baki, zafin da yake sha zai ƙone shi. Wasu ma akwai sodiyam a cikin ƙafarsu, in ka yanka ya haɗu da ruwa wuta zai kama.

Motar yanzu da sababbin sifirin da hulunan da ba a taɓa ba, tana wuce 5,000 ba ta ko tari. Ɗan kawun nawa ya daina kawo min ita. Ran Juma'a na gan ta a garejin da ke kallon namu.