Kuɗin Yaya: bashi ne, kyauta ce, ko jari?

A Tawa da wuya ka sami gidan da ba shi da mutum a bida, wato neman kuɗi a ƙasar waje. Mu a gidanmu Yaya ne ya tafi, a 1984, shekarar da fari ya ƙarar da shanun Baba, Najeriya kuma ta rufe iyaka, har aka laƙaba wa yunwar suna El Buhari. Yana lakwal lokacin, kuma duk cikinmu ya fi kowa kai. Aka cire shi aka sa shi motar Abijan. A unguwar Ajame ta Abijan ya yi ta yawo da allon agogo da tabarau da tocila, abin da ya samu ya damƙa wa masu dawowa gida su kawo wa Inna. Da guminsa muka ci tuwo.

Da na tasa, ya aiko mini da jika 150 ya ce in nemi abin yi. Inna ta sayar da karsanarta ta ƙara, yayarmu mace ta kwashi adashinta ta ɗora. Babu wanda ya ce ga sunan kuɗin nan. An dai yi addu'a an shafa.

Albasar Galmi na shiga. A bazara, lokacin da ake cire ta, ba ta da daraja. Sai ka saya ka zuba a rudu, wato ɗan ɗakin kara da ciyawa da ake ɗagawa sama don iska ta ratsa, ka jira damina ta yi nisa kuɗinta ya tashi. Jiran nan shi ne sana'ar. Kullum kana buɗewa kana shinshinawa, kana tsince mai laushi kafin ta ɓata na kusa da ita. Akwai shekarar da ruwa ya shigar mini, na kwashe fiye da rabi na zubar, hannuna ya yi kwanaki yana wari.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Mutane da yawa sun durƙushe, ni kuwa nan na miƙe, don albasar Turai ta yi tsada a Abijan, ido ya dawo kan tamu. Ina lodi daga Galmi, mota ta bi Konni da Doso da Yamai ta ratsa Burkina. Daga baya na kama shago a kasuwar Katako ta Yamai, na ƙara da shinkafa da man girki daga Kwatano. Kuɗin Yaya kuwa na mayar masa har da ninki, na kai Inna Makka, na gyara gidanmu na Tawa.

Sai rikicin Kodibuwa ya ɓarke a Satumban 2002. Yaya ya dawo da mata da 'ya'ya, hannu wayam. Na ajiye masa kujera a shago. Ba a jima ba ya fara buɗe aljihun tebur ba tambaya, yana ba abokansa kaya bashi. Da na yi magana, cikin dare bayan yara sun tashi, ya ce rabin shagon nasa ne.

Na ce, “Yaya, Allah ya huci zuciyarka, ai na biya ka.”

Ya ce, “Kuɗi ka biya. Karatuna fa, wa zai biya?”

Daga nan gaisuwa ta koma ɗaga hannu. Matanmu suka raba tukunya. Inna ta daina cin abincin kowannenmu, sai furar da take damawa da kanta. Wannan ne ya sa Kawu ya taso daga Tawa, ya zo da limamin unguwa.

Liman tambaya ɗaya ya yi: ranar da aka ba da kuɗin, da wane suna aka ba da su? In bashi ne, abin da aka karɓa shi ake mayarwa. In kyauta ce, magana ta ƙare. In kiradi ne, wato jari daga wani, aiki daga wani, ana raba riba, amma asara a kan mai dukiya take faɗawa, to shekarar da albasa ta ruɓe wa ya ɗauka? Duk muka yi shiru. Ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware 'yan ciki ɗaya ba.

Sulhu aka yi. Na buɗe masa sito a Tawa da kaya a ciki, na ɗauki karatun 'ya'yansa, aka rubuta, shaidu suka sa hannu. A hukunce bai kai ga haka ba, har yau ra'ayina ke nan. Amma abin da yake bi na ba a aljihun tebur yake ba, kuma ba ni da wata hanyar biyansa sai ta 'ya'yansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk zaman nan babu wanda ya ambaci adashin yayarmu, ita ma ba ta tanka ba. Ni na sa aka ƙara layi ɗaya, aka yanka mata kaso a ribar shekara.

Tun daga lokacin, duk kuɗin da zai shiga tsakanina da ɗan'uwa sai ya sami suna a kundi kafin ya bar hannu. Ba na kuma ajiye wa dangi kujera a shago sai da aiki da albashi sananne. Babban ɗan Yaya ya taɓa ce mini, “Baba, ba ka yarda da ni ba ne?” Na ce ya sa hannu tukuna mu yi maganar yarda.

Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, shinkafa ta yi wuya a Tawa. Yaya ya bugo waya yana son buhu 40. Kafin in buɗe baki ya ce, “Rubuta, bashi ne, bayan sallah.” Bai faɗi wace sallar ba, sai bayan babba ya biya.