Minti shida a barandar asibiti

Mutumin da ya sa na fara bincike kan numfashin waɗanda suka gama maganin tarin fuka ba ni aka turo wa shi ba. Dattijo ne masunci daga wajen tafkin Lagdo, ya rako 'yarsa da ta karye a ƙafa zuwa sashenmu na gashin ƙashi a Garwa, arewacin Kamaru. Na tarar da shi zaune a bakin ƙofa yana haki kamar wanda aka koro, alhali daga ƙofar asibiti kawai ya tako. Na ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya ce, "Lafiya lau, ɗana, ai na warke." Ya laluba aljihu ya miƙo mini kati. Ya sha maganin tarin fuka wata shida cur, an gwada kakinsa, ba a ga ƙwayar cutar ba. Katin bai yi ƙarya ba. Sai dai mutumin ya bar jan taru, ya bar shiga jirgi, sallah ma a zaune yake yin ta.

Magani yana kashe ƙwayar cutar, amma ba ya mayar da huhu yadda Allah ya halicce shi. Wani a bar shi da tabo, wani da ramuka, wani kuma hanyoyin iskarsa su buɗe su ƙi komawa, su riƙa tara kaki. Ranar da aka rufe fayil ɗin irin wannan mutum, ranar aikinmu ya kamata ya fara, amma ba mai turo shi gare mu. A nan "kine" ake ce mana, daga Faransanci, a tsallaken iyaka a Najeriya kuma masu gashin ƙashi. Duk wanda ya ji sunan, karaya da tausa da shanyewar ɓarin jiki ne ke zuwa masa a rai. Ɗaliban da nake koyarwa ma da wannan tunanin suke zuwa. Darasin zuciya da huhu sun ɗauke shi abin haddacewa don jarrabawa, domin littattafan an rubuta su ne don wuraren da ke da injin tafiya da na'urar auna ƙarfin huhu a kowane ɗaki.

Ga shi kuwa mu ne muke zaune a bakin murhun matsalar. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso mana ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, wanda yake cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Iyayenmu mata sun shekara da shekaru suna shaƙar hayaƙin itace a madafa, masu bandar kifi kuma nasu ya fi haka. Ga masu jego da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa, ciwon da likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, har suka yi zargin kunun kanwa da zafin wankan jego suna ƙara masa ƙarfi.

Na yanke shawarar mu fara da abin da muke da shi, wato baranda da agogo. Akwai gwajin tafiyar minti shida, wanda ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinsa a 2002: a sami hanya miƙaƙƙiya mai tsawon mita 30, a yi mata alama duk bayan mita 3, mara lafiya ya huta a zaune kamar minti 10, sannan ya yi ta kai da komowa iyakar iyawarsa har minti shida su cika, a ƙirga nisan da ya ci. Ya gaji ya tsaya, agogo ba ya tsayawa. Ciwon ƙirji ko jiri ya taso, a dakatar nan take. Muka nemi izinin kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike, muka shafa fenti a ƙasa, na raba ɗalibai shida gida biyu, muka fara da waɗanda suka gama maganin tarin fuka.

Bayan wata uku na zauna da takardun, sai na ga abin da ya hana ni barci. Mutanen rukuni ɗaya kusan kullum sun fi na ɗayan nisa. Da na tsaya na kalli yadda suke yi, sai na gane. Wata ɗaliba mai tausayi tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mara lafiya, tana cewa, "Yawwa Baba, saura kaɗan, daure!" Ɗayan kuma yana tsaye shiru da agogo a hannu. Ƙa'ida ta ce kada a jera da mai tafiya, kuma kalmomin ƙarfafa gwiwa ƙayyadaddu ne, sau ɗaya a kowane minti, da murya ɗaya. Na karanta musu wannan da Faransanci a aji, amma ban taɓa zama na rubuta abin da za a faɗa da Hausa da Fulatanci ba, kowa ya fassara yadda zuciyarsa ta ba shi. Bayan haka, wasu an gwada su da sanyin safiya, wasu da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, wasu ma suna azumi ba mu tambaya ba. Bambancin mita 30 ne ake ɗauka a matsayin canji mai ma'ana a wannan gwaji, kuma muryar ɗaliba ɗaya ta isa ta samar da shi.

Laifin nawa ne, kuma haka na faɗa musu. Na ajiye aikin wata ukun nan gefe ɗaya. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, ba za a iya gyara lissafin ba? Wa zai sani?" Na ce mu mun sani, kuma wata rana wani zai karanta ya yi wa mara lafiya hukunci da shi. Abin ya yi zafi, domin wasu marasa lafiyar sun biya kuɗin babur daga nesa don su zo mana, kuma har yau wannan ne ya fi damuna a cikin lamarin.

Abin da ya fi cin lokacinmu a karo na biyu shi ne magana. Akwai ma'aunin Borg, inda ake tambayar mutum ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10 gwargwadon yadda numfashi ke yi masa wuya. Ka tambayi dattijuwar Bahaushiya, tana haki har ba ta iya haɗa kalma uku, za ta ce maka, "Da sauƙi, Alhamdulillahi." Bafulatani ma haka, ko fiye, domin nuna gazawa a gaban yaro abin kunya ne a wurinsa. Ba ƙarya suke yi ba, tarbiyya ce. Mun bar lambobin a takarda saboda su ne duniya ta sani, amma muka ƙara tambayoyin da ake amsawa ba tare da an ji kunya ba. Inna, kina iya daka da kanki? Guga nawa kike ja kafin ki zauna? Baba, daga gida zuwa masallaci sau nawa kake tsayawa? In ka yi sujada, tasowa tana yi maka wuya? Da dare matashi nawa kike sawa kafin ki iya kwanciya? Wannan ta ƙarshe ita ce ta sa wata ɗaliba ta gano mai jegon da ruwa ya fara taruwa mata a huhu, ta mayar da ita wurin likita a ranar maimakon ta sa ta tafiya a baranda. Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar ranar ba.

Kalmar "fuka" kanta sai da muka yi hattara da ita, don wani in ya ce yana da fuka asma yake nufi, wani kuma tibi.

Na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin ita ma na daina koya wa ɗalibai su yi mata imani ido rufe. Baƙin lalle yana rikita ta, yatsa mai sanyi a hunturu yana rikita ta. A 2020 kuma wani bincike daga jami'ar Michigan ta Amurka ya nuna cewa a jikin baƙar fata takan nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda hakan ke faruwa ga fararen fata. Duk marasa lafiyarmu baƙaƙe ne. Don haka nake cewa su kalli lamba, sannan su kalli mutum: leɓensa, yadda kafaɗunsa ke ɗagawa, ko yana iya ƙarasa jimla.

Gwaji kaɗai ba ya warkar da kowa, kuma ban yarda a auna mutum a sallame shi hannu wofi ba. Kowa sai mun koya masa shaƙar iska ta hanci ya fitar a hankali ta tsukakken baki, kamar mai hura koko. Masu kaki muna koya musu fitar da shi da huci, baki a buɗe kamar mai hura wa madubi tururi, maimakon tarin da ke gajiyar da su. Muna haɗa musu gorar ruwa da bututun roba mai faɗi, ruwan ya kai kamar santimita 10, su riƙa hurawa yana ɓulɓulowa. Turjiyar ruwan tana riƙe hanyoyin iska a buɗe, kaki ya samu ya motsa. Sharaɗin shi ne a zubar da ruwan a wanke gorar kullum, kuma ba a aron ta. Sai tafiya, kowace rana, da safe kafin rana ta yi zafi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Dattijon Lagdo yana cikin waɗanda muka sake kira. Na yi masa bayanin cewa gwajin farko mu ne muka yi kuskure, na ba shi haƙuri, wannan karon kuma mu muka biya kuɗin mota. Ya ce, "Ba komai, ɗana, ai mai koyo ba ya rasa tuntuɓe." Ɗalibar nan mai tausayi ce ta riƙe agogo. Ta tsaya wuri ɗaya, ta karanta masa kalmomin daga takardar da muka rubuta da Hausa, na ga yadda take danne bakinta kada ta ce masa ya daure. Ya yi gwajin sau biyu kamar yadda ake so, da hutu a tsakani, muka rubuta wanda ya fi nisa. Da zai tafi ya ce har yanzu bai koma ruwa ba, amma Asuba da Magariba yanzu a tsaye yake yin su, kuma gorarsa tana rataye a bakin ɗaki, jikokinsa sun san ba a taɓa ta.