Labarin gidana a bakin bare

A ɗakin da muke cin abincin rana a wurin aiki na ji cewa ɗana ya janye alkawarin da ya yi wa jami'ar da za ta ɗauke shi wasan ƙwallo. Wani abokin aikina ɗan asalin kudancin jihar Jojiya ta Amurka, wanda tun da yaron ya fara yin suna yake tsokanata da kirana uban zakara, shi ne ya miƙo mini wayarsa bai ce uffan ba. Na ga hoton yaron, a ƙasansa kuma ga dogon rubutu yana gode wa kociyoyi da magoya baya, yana roƙon a mutunta shawarar da ya yanke bayan ya yi addu'a ya kuma tattauna da iyalinsa. Ni ne maigidan wannan iyali da ake magana, amma sai da mutane dubbai suka karanta kafin ni, kuma da abokin aikin ya tambaye ni ko wace jami'a muka nufa yanzu, dole na yi murmushi na ce lokaci zai nuna, don kada ya gane cewa ban san abin da ke faruwa a ƙarƙashin rufina ba.

Yaron yana firamare muka baro Katsina muka sauka a gundumar Gwinnett da ke arewa maso gabashin Atlanta, ba tare da na san mun faɗo tsakiyar masu haukan ƙwallon nan ta Amurka wadda hannu ya fi ƙafa aiki a cikinta ba. A nan daren Juma'a na makarantun sakandare ne, Asabar ta jami'o'i ce, kuma akwai shafuka irin su 247Sports da Rivals da ke bai wa yara 'yan shekara sha shida taurari daga biyu zuwa biyar gwargwadon ƙwarewarsu a wasa, manya masu furfura suna zaune suna bibiya. Nawa uku aka ba shi. Da bazarar bara wani mataimakin koci ya zo har falonmu, ya cire takalminsa a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba, ya ci tuwon shinkafa da miyar taushe da hannu, ya ce wa uwar yaron zai riƙe shi kamar ɗan cikinsa har ya kammala digiri. Da zai tafi na kama hannunsa na ce na ba shi amana. A wurina magana ta ƙare ke nan, ko da yake yaron ya sha nuna mini cewa alkawarin baki ba ya ɗaure kowa a wannan harka har sai an rattaba hannu a takarda a watan Disamba ko Fabrairu.

Abin da ya biyo baya a wurin aiki shi ne ya fi ƙona mini rai, domin ɗana ya zama abin kafa hujja a gardamar da ta riga ta daɗe a tsakaninsu, ina zaune ana yi kamar ba na nan. Ɓangare ɗaya suna cewa laifin jami'a ne, wai ta daina kula da yaran sakandare ta koma farautar ƙwararrun 'yan wasa daga wasu jami'o'i tun da aka buɗe rajistar masu sauya sheƙa a 2018, kuma duk kocin da ya bar yaran yankinsa suna zillewa to ya fara haƙa wa kansa rami. Ɗaya ɓangaren suna cewa ba koci ba ne, kuɗi ne, tun daga watan Yulin 2021 da aka halatta wa ɗalibai karɓar kuɗin talla da sunansu yaran suka zama 'yan kasuwa, balle yanzu da kotu ta amince a 2025 jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kowa da misalinsa, kuma misalan duk 'yan gundumarmu ne. Wannan ya kawo Travis Hunter na makarantar Collins Hill, wanda ya daɗe da alkawari da jami'ar Florida State sannan a ranar sa hannu a Disambar 2021 ya bi koci Deion Sanders zuwa jami'ar Jackson State, ya ce ga shi bayan shekara uku ya ɗauki kambin Heisman da ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, ina asarar da ya yi? Wancan ya kawo Dylan Raiola da ya yi wasa a Buford, wanda ya janye alkawarinsa da jami'ar Ohio State ya yi wa jami'ar Jojiya, ya sake janye na Jojiya a Disambar 2023 ya tafi Nebraska inda mahaifinsa ya yi wasa, ya ce har yau bai yafe masa ba. Mutumin da ke wannan magana ya haura hamsin, bai taɓa karatu a jami'ar da yake yi wa kishi ba, amma jijiyar wuyansa har tashi take yi.

A intanet kuwa ba a tsaya a gardama ba. Na karanta inda aka kira yaron maci amana, na karanta inda aka ce dama ba shi da amfani gara da ya tafi, waɗanda suka rubuta haka kuma su ne watanni kaɗan baya suke cewa shi ne zai gyara musu tsaron baya. Wani ya gano daga inda muka fito ya rubuta cewa irinmu dama kuɗi ya kawo mu. Wannan ita ce ta tsaya mini a maƙoshi, domin a ranar ko sisin kwabo ba wanda ya ba mu.

Da dare na kira shi falo. Ya zauna a ƙasa kamar yadda aka tarbiyyantar da shi, wannan kam bai bari Amurka ta ƙwace masa ba, ya ce: "Baba, kocin da ka bai wa hannu ya koma wata jami'a tun kafin a rufe kaka, wanda ya gaje shi kuma ba ya ɗaga wayata, har sun kira wani yaro a gurbina. Na gaya wa Umma. Ban gaya maka ba ne don na san za ka ce alkawari kaya ne, in zauna." Haka zan ce kuwa, kuma har yanzu ban ga aibin maganar ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda ake auna alkawari a ƙasar nan da mudu biyu. A ƙarshen Nuwamban 2021 koci Brian Kelly ya bar jami'ar Notre Dame ya tafi jami'ar LSU a kan kwantiragin shekara goma na dala miliyan 95, a makon ne kuma koci Lincoln Riley ya bar jami'ar Oklahoma ya koma jami'ar USC, suka bar yaran da suka shiga gidajensu suka yi wa iyayensu daɗin baki. An yi surutu na ɗan lokaci, sannan aka ce ai sana'a ce. Yaro ɗan shekara sha bakwai da ya ga an rufe masa ƙofa ya juya, shi ne ake yi wa wa'azin riƙon amana.

Ba zan ɓoye ba, da wayarsa ta fara ruri a kwanakin da suka biyo baya, jami'o'in da a da sai a talabijin nake ganinsu suna neman ya kawo musu ziyara, na ji wani abu a ƙirjina da ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan ina ɗaga kwalaye. Amma wa zan gaya wa? Ɗan fari ne, ko sunansa ban iya kira a gaban mutane, ga shi makarantarsa tana so ranar sa hannu in zauna kusa da shi a gaban kyamara, ya ɗauki hular jami'ar da ya zaɓa ya sa, ni kuma in rungume shi in yi jawabi. Uwarsa ta ce in ban yi ba za a ɗauka ba na ƙaunarsa. Na ce in na yi, hoton ya isa Katsina, da wane ido zan dubi Hajiya?

Hajiya ta riga ta ji, don Yaya ba ya riƙe magana. Ita ba ta tambayi taurari ko jami'a ba, tambayarta ɗaya ce, shin an kai wa mutumin haƙuri? Ta ce ko yarinya aka sa wa rana aka fasa, manya ake turawa su mayar da kaya su ba da baki, ba a aika saƙo ta iska. Na yi shiru a waya, domin a nan ba ni da kawu ba ni da baffa, ba ni da wani dattijo da zan tura ko'ina, 'yan uwanmu da muke haɗuwa a masallacin Juma'a kowa sauri yake ya koma bakin aiki kafin a yanke masa awa. Don cika umarninta na rubuta wa kocin da ya ci tuwonmu doguwar wasiƙa ta ban haƙuri. Ya amsa da layi biyu, ya ce babu komai, sannan ya tambaya ko yaron zai so ya ziyarci sabuwar jami'arsa.

Wannan ban gaya wa Hajiya ba, na dai ce mata ya haƙura, ta yi hamdala. Yaya kuwa wani ya karanta masa labarin miliyoyin da ake bai wa 'yan wasa, tun daga nan duk kiran da zai yi sai ya sako zancen rufin ɗakin Hajiya da ke yoyo da kuɗin makarantar 'ya'yan marigayi ƙanenmu, kuma na rasa yadda zan fahimtar da shi cewa mai tauraro uku ba mai biyar ba ne, abin da muke fata shi ne karatu kyauta da ɗan abin kashewa. Rufin dai daga albashina zan tura kafin damina, kamar yadda na saba. Abin da ya fi damun Hajiya yanzu shi ne bikin 'yar Yaya da aka sa bayan babbar Sallah, tana so jikanta ya zo a gan shi, tun rasuwar Malam bai taka gida ba, kuma in sun yi waya Hausarsa ba ta wuce gaisuwa sai ya miƙo mini. Duk jami'ar da ya zaɓa, a wannan lokacin yana sansanin atisaye, kuma sabon ɗan wasa ba ya neman hutu. Na ce mata ni da uwarsa za mu zo in an ba ni izini a wurin aiki, ta ce ita ba mu ta tambaya ba.