Daga Agege Zuwa Gaɓar Teku Cikin Tsohuwar Land Cruiser

Tafiyar da zan ba da labarinta ta kwana ɗaya ce, amma shirinta ya ci mana mako uku, kuma yawancin wannan lokaci ya tafi ne a kan gardama tsakanina da Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shekara fiye da talatin yana jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin gwiwa ta zaunar da shi a Agege. Ƙanena yana da 'yar tireda a wani ƙauyen masunta da ke bakin teku a yankin Ibeju-Lekki, inda kwalta ba ta kai ba, kuma da zarar damina ta kankama masu ƙananan motoci sukan daina shiga. Domin kai masa kaya ne na sayi tsohuwar Land Cruiser samfurin 80, irin wadda kamfanin Toyota ya ƙera daga 1990 zuwa 1997, mai injin gas da ake kira 1HZ, silinda shida, lita 4.2.

Abin da ke raina tun farko shi ne in ɗaga motar sama da inci huɗu, in sa mata manyan tayoyi masu kaifin haƙora irin na laka, da bambar ƙarfe a gaba, kamar waɗanda nake gani a Lekki suna sheƙi. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya sa aka kwance ƙusar tsiyayar man aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu, ya tara hannu. Man da ya zubo ba baƙi ba ne, ba kuma ruwan zuma ba, fari-fari ne kamar kunun gyaɗa. Ya ce, "Ɗana, motar nan ta sha ruwa a hannun mai ita na dā, kai kuma kana maganar kwalliya." Bayaninsa shi ne, kowane aksil yana da ɗan bututun numfashi a samansa, kuma idan ƙarfen ya yi zafi da tafiya sannan aka tsunduma shi cikin ruwa mai sanyi, iskar da ke ciki takan tsuke ta zuƙo ruwan ta wannan kafa. Ruwan ya gauraya da mai, haƙoran ciki su ci gaba da cin juna, mai mota kuwa ba ya jin komai sai ranar da ƙugi ya fara.

Haka muka nufi kasuwar Ladipo da ke Mushin, muka sauka a tashar da ake kira Toyota a kan babbar hanyar Oshodi zuwa Apapa. Wanda bai taɓa shiga Ladipo ba zai yi wuya ya gane yawan ƙarfen da ke jibge a wurin: injina a jere kamar buhunan hatsi a Dawanau, giyoyi, ƙofofi, rabin mota an yanka an jingine. Yawancin 'yan kasuwar Inyamurai ne, kuma kayan da mu a Arewa muke kira Baljiyam su tokumbo suke ce masa. Tun daga bakin titi samari suka yanyame mu suna kiran "Alhaji", kowa na cewa shagon maigidansa ne ke da abin da muke nema, alhali ba mu faɗi abin da muke nema ba. Kawu bai kula kowa ba, domin ya zo da tsofaffin kayan a cikin buhu, kuma duk abin da aka miƙo masa sai ya ɗora shi a kan tsohon ya gwada kafin a yi maganar kuɗi.

Kuɗin da na ware wa kwalliya ya ƙare a abubuwan da ido ba ya gani. An canja bel ɗin taimin, wanda ƙa'idarsa a wannan inji kilomita 100,000 ce, kuma babu mai iya rantsuwa kan ranar da aka canja na ciki. An kwance gaɓoɓin tayoyin gaba aka wanke aka cika da sabon giris, aka zuba sabon mai a aksil biyu da akwatin giya, sannan aka ja bututun numfashin nan da dogon tiyo har cikin ɗakin inji. A batun ɗagawa muka yi sulhu a inci biyu, da sababbin sifirin da shokazoba. Hujjar Kawu ta fi ƙarfina: sifirin jikin mota kawai yake ɗagawa, tulun aksil, wato kumburin nan na tsakiyarsa da ya fi kusa da ƙasa, yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke nisanta shi da ƙasa, babbar taya kuma tana ƙwace ƙarfin injin da dama dokinsa bai wuce kusan 130 ba, tana ƙara wa birki aiki, tana sa agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Idan ɗagawar ta yi yawa kuwa, kusurwar aksil ɗin gaba takan sauya, sitiyari ya dinga yawo a kan titi. Abu ɗaya da na ci nasara a kansa shi ne bututun shaƙar iska da ake hawarwa ta gefen gilashin gaba, shi ma don Kawu ya san injin gas idan ya zuƙi ruwa sandunan fistin ne ke lanƙwashewa.

Mun bar Agege bayan sallar asuba wata Asabar cikin watan Yuli, ɗauke da shinkafa da albasa da wake da muka saro a Mile 12. Muka bi ta Oshodi muka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, ana yayyafi, masunta na cikin kwalekwale a ƙarƙashinmu. Daga Ikoyi muka tsallaka muka kama hanyar Lekki zuwa Epe, cunkoson Ajah ya riƙe mu kamar yadda ya saba, muka wuce Sangotedo da Awoyaya, a mahaɗar Eleko muka karya dama. Daga nan sai tankoki da tireloli masu zuwa matatar man Ɗangote, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki. Kawu ya yi shiru yana kallon tirelolin, na san kewar sitiyari ce ta motsa masa.

Inda kwalta ta ƙare na sauka na murɗa makullan cibiyar tayoyin gaba, na sa giyar ƙafa huɗu. A kan kwalta ba a sa ta a irin wannan mota, domin idan ana shan kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, kuma idan ƙasa ba ta bar su sun ɗan zame ba ƙarfin yakan taru a farfela da giya. Mun ratsa gonakin kwakwa lafiya, har muka iso wani fili mai rairayi fari, mai laushi kamar gari. Nan na yi abin da kowane sabon shiga yake yi: da na ji motar ta yi nauyi sai na taka totur, tayoyi huɗu suka yi ta haƙa, cikin ɗan lokaci tulun aksil ya zauna a ƙasa.

Kawu bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, "Iskar tayarka nawa ce?" Na ce mai faci ya sa 38 saboda kaya. Ya fito da geji daga aljihu ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sacewa har 18. Taya idan ta yi laushi tafinta yakan ƙara tsawo a ƙasa, nauyin mota ya bazu, ta hau kan rairayi maimakon ta huda shi, kamar dai tafin raƙumi. Muka share gaban tayoyin da shebur, wasu samari masunta suka kawo ganyen kwakwa muka shimfiɗa, ya karɓi sitiyari ya sa giyar ƙarfi, lamba biyu, ya saki kuloci a hankali ba tare da ya tayar da inji ba. Motar ta fito kamar ba ita ba. Gargaɗinsa kawai shi ne kada in yi kwana mai kaifi ko gudu da wannan iska, domin taya tana iya sulɓewa daga bakin rim. Na tuna tayoyin laka da na so saya, waɗanda haƙoransu da sun ƙara saurin haƙa mana rami, amma ban furta ba.

Kafin ƙauyen akwai wani kwari da ruwan sama ya cika. Kawu ya sa muka tsaya ƙarafa su huce, ya naɗe wando ya shiga da sanda, ruwan ya kai masa saman gwiwa, ƙasan kuma da tauri. Muka ratsa a hankali da gudu ɗaya, ruwa na turuwa a gaban bamba, muka fita muna ɗan taka birki don ya bushe. Ƙanena ya tarbe mu da gasasshen kifi da ruwan kwakwa, muka sauke kaya muka yi azahar, muka loda busasshen kifi da kwakwa muka juyo kafin hadari ya sake haɗuwa. A bakin kwalta muka mayar da iska da ƙaramin famfo mai aiki da batir, wanda ya ɗauki lokaci har sauro ya gane mu.

Washegari Kawu ya hana ni hutawa sai da aka wanke ƙarƙashin motar da ruwan famfo, saboda rairayin gaɓa gishiri gare shi, tsatsa kuma daga lungunan shasi take farawa. Sannan ya sake kwance ƙusoshin aksil. Man baya ya fito garau, amma na gaba ya ɗan yi hazo, kuma a bayan tayar hagu akwai danshin mai gauraye da giris. Ya shafa ya shinshina ya ce sil ɗin ciki ne, wato robar da ke tare man aksil, wanda muka bari a Ladipo don na ce tsohon yana da sauran rai. Ya ciro buhun nan nasa ya miƙo mini, ya ce ranar Litinin in riga cunkoson Oshodi fita.