Ban tambaya ba, sai da dalma ta narke

Jikana ne ke buga wannan a wayarsa ina faɗa masa, don idanuna sun gaji. Na shiga aikin reluwe ina saurayi, lokacin jirgin ƙasa na cin gawayin Inugu yana shan ruwa. A wancan zamani ba a wayi gari mutum ya zama direba ba. Sai ka shekara da shekaru kana goge kan jirgi a loko, wato rumfar da ake ajiye kawunan jirgi ana gyara su, sannan a ba ka shebur ka zama mai zuba gawayi, sannan a bar ka kana haɗa taragu a cikin tasha, kafin a yarda ka hau babban layi. Layin ya iso Kano tun 1911, kuma a lokacinmu ne aka kai shi Maiduguri, a 1964.

Abin da nake so ku ji ya faru ne a hawan da ke tsakanin Kafanchan da Jos, ina sabon mai shebur. A gaban mai zuba gawayi akwai wani ɗan siririn gilashi da ke nuna iyakar ruwan tukunyar da ke dafa tururin da jirgi ke tafiya da shi. Na ga ruwa ya cika shi, hankalina ya kwanta, na ƙi ƙara ruwa don kada ruwan sanyi ya rage mana tururi. Ashe idan jirgi na hawa, a bayan tukunya ruwan yake taruwa, wajen da gilashin yake. Muna kai ƙarshen hawan kan jirgi ya sunkuya, ruwa ya gangara gaba, gilashi ya zama wayam. Rufin murhu, wanda ke cikin tukunyar ta baya, ya tsaya babu ruwa a kansa, wuta na cinsa ta ƙasa.

A rufin nan akwai wani toshi da aka cika da dalma saboda irin wannan rana. Ya narke, tururi ya fasa cikin wutar da ƙara mai tsinka zuciya. Direbana, dattijo marar yawan magana, ya tsayar da jirgi muka kashe wuta. Ba don dalmar nan ba, da tukunya ta iya fashewa da mu. Muka yini a daji da taragu a bayanmu muna jiran a turo wani injin.

Bai zage ni ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ya ce, "Yaro, ka san ruwa na gudu a kan hawa?" Na ce, "Baba, ban sani ba." Ya ce, "To me ya hana ka tambaya?" Gaskiyar magana, tun a loko na ji manya na zancen, ban gane ba, amma na riƙa gyaɗa kai don kada a ce ɗan ƙauye ne. Ku da kuke koyon gyaran mota, ɗinki ko aikin kwamfuta, in maigidanku ya faɗi abin da bai shiga ba, ku tsayar da shi nan take ya sake. Dariyar abokan aiki ba ta wuce ta yini ɗaya, ni kuwa wannan kuskure ya jinkirta mini ƙarin girma.

Kuma kada ku ɗauka na warke. Da na zama direba, injinan dizal suka yi ta ƙaruwa, aka ce mu tsofaffin hannu mu je kos. Na ce ni da nake gane lafiyar inji daga numfashinsa, ba zan zauna a benci yaro ya koya mini ba. Ciwon dai ɗaya ne, riga ya sauya. Waɗanda suka tafi suka dawo suna tuƙi da fararen kaya, ni ina nan da baƙin gawayi har cikin kunne.

Daga baya dole ta sa na je. Wanda na tarar a gaban allo riƙe da alli, yaron da ya taɓa yi mini zuban gawayi ne. Ya ce, "Baba, zauna nan gaba." Na zauna, kuma ranar sau uku na ɗaga hannu.