Kwana nawa garin hatsin da ba a surfa ba yake yi kafin ya juya?

Shekara biyu ke nan da likita ya shaida wa mahaifiyata cewa tana da ciwon suga, ya kuma ba ta shawarar ta rage farar shinkafa da burodi, ta koma ga tuwon hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba. Tun daga lokacin ni ce nake zuwa kasuwar Tudun Hatsi a nan Gombe in auno alkama da dawa da gero, in tsince, in kai inji a niƙa ba tare da surfe ba. A karon farko na niƙa alkama mudu biyar a tsakiyar watan Afrilu, na ɗaure garin a leda da zafinsa, na jefa a cikin bokitin roba a kicin, ina ganin na huta da zuwa inji har wata biyu. Ba a cika mako uku ba Inna ta ajiye lomarta ta ce, "'Yar nan, tuwon nan yana yi mini maƙaƙi a wuya." Da na buɗe ledar na shinshina, sai na ji wari irin na tsohon man gyaɗa, ga kuma gudaji a ƙasa. Garin ya tafi ga awaki.

Kuskurena shi ne na ɗauki wannan gari kamar fulawar kanti ko garin masarar da aka surfa, alhali ba abu ɗaya ba ne. Ƙwayar hatsi tana da sassa uku: dusar da ta lulluɓe ta, farin cikin da yake kusan duk sitaci ne, da kuma ɗan idon da tsiro yake fitowa daga gare shi. Akasarin man da ke cikin hatsi yana tare da wannan ɗan ido da dusar. Surfe yana fitar da dusa da wani ɓangare na idon, kamfanonin fulawa kuwa suna cire su gaba ɗaya, shi ya sa fulawarsu take yin watanni a shago ba ta canja ba. Mu da muke niƙa komai tare mun tsira da amfanin dusar, amma mun ɗauko man da ke lalacewa muka zuba shi a cikin gari.

Muddin ƙwayar tana a dunƙule, man nan a killace yake, iska ba ta kai gare shi. Da zarar inji ya farfasa ta, wani sinadari da ke cikin dusar yakan haɗu da man ya soma narkar da shi, iska kuma ta shiga ta ƙarasa aikin, daga nan ɗaci da warin suke fitowa. Zafi yana hanzarta wannan, danshi ma haka. Wanda ya san yadda Gombe take a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40, zai gane dalilin da ya sa lissafin da ake yi a ƙasashen sanyi, cewa garin alkama mai dusa yakan yi wata ɗaya zuwa uku a ɗaki, ba zai yi mana aiki yadda yake ba.

Hatsin ma ba ɗaya suke ba. Alkama tana da mai kimanin kashi 2 cikin 100, dawa kusan kashi 3, masara kusan kashi 4, gero kuwa yana kaiwa kashi 5. Saboda haka garin gero ne ya fi kowanne saurin juyawa, cikin 'yan kwanaki sai ka ji ya soma ɗaci. A nan ne na fahimci abin da kakanninmu suke yi, da suke dakan geron fura kullum ba sa tara garinsa. Ba rashin dabarar ajiya ce ta sa su wannan wahala ba, sanin halin geron ne. Damin gero yakan shekara a rumbu lafiya lau, amma garinsa ba a ba shi ko mako guda.

Abin da na tsayar wa kaina, bayan gwaji da asarar da na yi, shi ne: garin gero kwana uku zuwa huɗu a bazara, mako guda a hunturu, dawa da masara kwana goma, alkama mako biyu, in sanyi ya sauko sosai a Disamba da Janairu in ƙara mata mako ɗaya. Wannan ba doka ba ce, ma'aunin gidanmu ne, kuma hanci ne alƙali na ƙarshe. Lafiyayyen gari yana ƙamshin hatsi, in ka ɗanɗana kaɗan a harshe ba ya barin ɗaci.

Inda na fi ganin mutane suna cutar kansu shi ne tsakanin inji da gida. Injinan unguwa suna fitar da gari da zafi ƙwarai, har hannu ba ya daɗewa a ciki. In aka ƙulle shi a leda a haka, tururinsa yana komawa raɓa a jikin ledar, garin ya sha, kuma daga nan gudaji da fumfuna suke farawa. Dole ne a baza shi a faranti ko a kan tsaftataccen zane a inuwa mai iska, ana juyawa, har ya huce sarai kafin a rufe. Haka nan wanda ya wanke hatsinsa kafin niƙa, to ya tabbata ya bushe ƙarau, yadda in ya ciji ƙwaya ɗaya zai ji ta fashe da ƙara. Nakan kuma roƙi mai injin da cewa, "Malam, don Allah a fara zuba ɗan kaɗan a wanke injin da shi," domin ragowar tsohon garin da ya kwana a ciki yakan zo da warinsa, wani lokaci har da ƙwayayen ƙwari.

A damina, musamman watan Agusta, maganar ta wuce ta ɗanɗano. Masarar da ta sha danshi takan kama wata irin fumfuna mai fitar da gubar da ake kira afilatoksin, wadda take illa ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A shekarar 2004 wannan guba ta hallaka mutum 125 a ƙasar Kenya, sanadiyyar masarar da aka adana da danshi. Don haka garin da ya yi fumfuna ba a tankaɗe shi a ce an gyara, ba a kuma ba dabbar da ake tatsa, domin gubar tana iya bi ta nono. Ina faɗin haka ne da sanin yadda hatsi ya yi tsada, da kuma yadda zubar da kwano ɗaya yake da ciwo ga magidanci.

Mazubin da ya fi shi ne wanda iska ba ta shiga: kwalba mai murfi, ko roba mai kauri wadda ba a taɓa zuba sabulu ko kananzir a cikinta ba, a ajiye nesa da murhu, a kuma ɗaga daga ƙasa. Kada a zuba sabon gari a kan tsoho, sai an juye an wanke mazubin ya bushe. Mai firiza yana iya ajiye gari na tsawon watanni, sanyin kuma yana kashe ƙwari da ƙwayayensu, amma da sharaɗin a rufe shi ruf, ganin yadda wutar lantarki take zuwa tana ɗaukewa. In an fito da shi, a bari ya saki sanyinsa kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kansa. Ni nakan kasa shi ƙulli-ƙulli daidai tuƙi ɗaya, don kada in riƙa buɗe babban mazubi kullum.

Hatsin kansa kuwa nakan saye shi da kaka lokacin da yake da sauƙi, in zuba a buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda yake toshe iska har ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. Daga cikinsa nake ɗibar mudu biyu duk bayan mako biyu, ranar Asabar, in aika inji, geron kunun Inna kuma rabin mudu ranar Litinin da ranar Alhamis. Kuɗin niƙa da zirga-zirga sun ɗan ƙaru, amma tun daga wancan Afrilun ba ta sake ajiye loma saboda maƙaƙi ba.